Tattarawa da Adana Kayan Tallar Tsofaffin Finafinan Hausa: Darasi Daga Fim Ɗin Shaihu Umar da Na Kanta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan tattarawa da adana kayan tallar tsofaffin finafinan Hausa waɗanda aka ɗauko daga adabi da tarihi, wato fastoci da hotuna da tikiti da katunan gayyata da tallace-tallacen jaridu da sanarwar baka. An ɗauki fim ɗin Shaihu Umar na 1976 a matsayin madubi, sannan aka waiwayi fim ɗin Kanta of Kebbi wanda ya shafi ƙasar Kabi kai tsaye. Maƙalar ta nuna cewa ceto fim shi kaɗai bai wadatar da mai nazarin juya littafi zuwa fim ba, domin kayan talla ne ke fayyace yadda aka gabatar da aikin ga jama'a. An kawo ire-iren waɗannan kaya, da wuraren da ake tsammanin samun su, da hanyoyin da za a bi a kare su daga zafi da danshi da ƙwari da ambaliya a yanayi irin na kwarin Rima.

Fitilun Kalmomi: Fim, Talla, Adanawa, Shaihu Umar, Kanta, Kabi

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2016 aka gano faya-fayen fim ɗin Shaihu Umar a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya, bayan an daɗe ana ɗauka ya salwanta. Mai shirya finafinai kuma manazarci Didi Cheeka yana cikin waɗanda suka tsaya a kan wannan aiki, sannan cibiyar Arsenal ta birnin Balin a ƙasar Jamus ta gyara fim ɗin ta mayar da shi tsarin na'urar zamani. A watan Fabrairun 2018 aka nuna shi a bikin finafinai na duniya da ake yi a Balin. Wannan al'amari ya faranta ran masu nazarin Hausa, domin ya dawo musu da ɗaya daga cikin manyan ayyukan da suka haɗa rubutaccen adabi da wasan kwaikwayo da fim.

Sai dai fim ba ya fitowa shi kaɗai. Yakan zo ne tare da rakiyar takardu da hotuna da sanarwa waɗanda ke kiran jama'a zuwa kallo, kuma da zarar an gama nunawa sai a yar da su. Faifan fim yana da gwangwani da lamba da ma'ajiya, ita kuwa fasta bango ne gidanta, rana ta dake ta, ruwa ya jiƙa ta, wata ta zo a manna a kanta. Saboda haka waɗannan kaya sun fi fim ɗin kansa saurin ɓacewa, alhali su ne ke riƙe da amsar tambayoyi da dama da faifai ba zai amsa ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana matsayin waɗannan kaya a nazarin Hausa, ta kuma fayyace yadda ake tattara su da yadda ake adana su.

2.0 Daga Littafi Zuwa Allon Silima

Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin littattafan da suka fito daga gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin jagorancin Dokta R. M. East, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi. An buga shi a 1934. Labarin wani malami ne da ke karantarwa a Rauta kusa da Bauci, wanda almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuma ya ba su labarin yadda aka sace shi yana yaro, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, aka ƙetare Sahara da shi, da yadda mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa cikin bauta.

Littafin ya yi tafiya mai zango huɗu. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo wanda aka buga a 1975. Daga nan Adamu Halilu ya ba da umarnin fim ɗin a 1976, da harshen Hausa, Umaru Ladan kuma ya fito a matsayin Shaihu Umar. Fim ɗin ya wakilci Nijeriya a bikin baje kolin al'adun baƙar fata na duniya, wato FESTAC, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977. Kowane zango daga cikin waɗannan yana da nasa bango da nasa talla da nasa masu karɓa: ɗalibin makarantar Midil da ya karanta littafin, da Baturen da ya karanta fassarar, da mai kallon dandamali, da baƙon da ya zo Legas daga wata ƙasa.

Shaihu Umar ba shi kaɗai ba ne a wannan layi. An mayar da Ruwan Bagaja fim a ƙarshen shekarun 1980, gidan talabijin na Kaduna kuma ya yi wasannin Magana Jari Ce. Da finafinan bidiyo suka kankama a Kano bayan Turmin Danya na 1990, sai aka riƙa juya littattafan zamani zuwa kaset, kamar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu. Duk abin da za a faɗa a nan game da kayan tallar Shaihu Umar ya shafi waɗannan ma.

3.0 Ire-iren Kayan Talla

Abin da ake nufi da kayan tallar fim shi ne duk wani abu da aka tanada domin sanar da jama'a fitowar fim, ko kwaɗaita musu kallonsa, ko shigar da su wurin kallon. A ƙasar Hausa ana iya raba su gida biyu.

3.1 Kayan Takarda da Hoto

Na farko ita ce fasta, wadda kan ɗauki sunan fim da hoton jarumai da sunayen ma'aikata, wani lokaci har da sunan maɗaba'ar da ta buga ta a can ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Sai hotunan da ake ɗauka lokacin shirya fim, waɗanda gidajen silima kan jera a allo a bakin ƙofa domin mai wucewa ya ga ɗanɗanon abin da ke ciki. Akwai kuma 'yan takardun da ake rabawa hannu da hannu, da tikitin shiga, da katin gayyata zuwa nunin farko, da ƙasidar shirye-shiryen biki wadda kan ƙunshi taƙaitaccen labarin fim da tarihin mai ba da umarni. Sai tallace-tallace da sharhi a jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian, waɗanda sukan buga jerin finafinan da gidajen silima za su nuna. A zamanin bidiyo an sami ƙarin kwalin kaset da kalanda da sitika, da kuma mujallu irin su Tauraruwa da Fim waɗanda suka fara fitowa a ƙarshen shekarun 1990.

3.2 Tallar Baka

Wannan kashi shi ne ya bambanta ƙasar Hausa da ƙasashen da aka gina ilimin adana kayan fim a kansu. Gidajen silima na kasuwanci a manyan birane suke. A Kano, alal misali, an buɗe Rex a 1937, aka buɗe Palace a farkon shekarun 1950. Mutanen karkara da ƙananan garuruwa kuwa ta hanyar majigi suka san fim, wato motar gwamnati mai ɗauke da injin haske da farin allo wadda ke nuna finafinai kyauta a ƙofar fada ko a filin makaranta. Brian Larkin ya yi bayanin wannan tsari a littafinsa Signal and Noise na 2008. Tallar majigi ba ta dogara ga takarda ba. Hukuma kan aika wa hakimi ko dagaci, sanƙira ya zaga gari da shela, motar kuma ta bi unguwanni da lasifika kafin magariba. Sanarwar rediyo ita ma ta wannan gida ce.

Ke nan babban kaso na tallar fim a ƙasar Hausa bai taɓa hawa takarda ba. Yana cikin ƙwaƙwalwar waɗanda suka yi shelar da waɗanda suka ji ta. Duk shirin tattarawa da ya tsaya ga fastoci kawai ya bar rabin aikin a baya, kuma wannan rabin shi ya fi gaggawa, domin wanda yake da shekara 20 a 1976 yau ya kai kimanin 70.

4.0 Muhimmancin Kayan Talla ga Manazarci

Muhimmanci na farko shi ne tabbatar da tarihi. Akan sami saɓani a rubuce-rubuce game da shekarun fitowar finafinan wancan zamani, domin wani marubuci shekarar ɗaukar fim yake kawowa, wani kuma shekarar nuna shi. Tikiti ɗaya mai kwanan wata ko talla ɗaya a shafin jarida na iya raba wannan gardama. Haka nan sunayen ƙananan ma'aikata, kamar masu kiɗa da masu ɗinkin sutura da masu fassara, sau da yawa a ƙasidar biki ake tarar da su.

Na biyu ya shafi nazarin juya littafi zuwa fim. Fasta wani irin sharhi ne a kan littafi, domin mai tsara ta dole ya zaɓi fuska ɗaya daga fuskokin labarin ya sa a gaba. Labarin Shaihu Umar yana da fuskar malanta da haƙuri, yana da fuskar bauta da fataucin bayi, yana da fuskar uwa mai neman ɗanta, yana kuma da martabar marubucinsa wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya na farko. Wadda aka fifita a talla daga cikin waɗannan tana nuna abin da masu fim suke ganin zai jawo jama'a, da kuma hoton Arewa da hukuma take son nunawa baƙi a lokacin biki irin na FESTAC. Idan aka jera bangon littafin na bugu daban-daban, da bangon fassarar, da na wasan kwaikwayon, da kayan tallar fim ɗin na 1976 da na 2018, za a ga yadda ma'anar labari ɗaya ta riƙa sauyawa cikin shekara fiye da 80.

Na uku ya shafi harshe. Kayan talla taska ce ta Hausar yau da kullum: yadda ake rubuta baƙaƙe masu lanƙwasa a maɗaba'ar da ba ta da su, da yadda ake raba kalmomi, da kalmomin aro, da salon kwarzanta haja. Sunan wannan fim kansa misali ne, domin ana samun sa a rubuce a matsayin Shaihu Umar a wani wuri, Shehu Umar a wani. Harshen da aka yi tallar da shi, Hausa ko Ingilishi, boko ko ajami, shi ma yana nuna wanda ake kira zuwa kallo da wanda aka tsallake.

Na huɗu shi ne cewa idan fim ya ɓace, kayan tallarsa ne kan zama shaidar cewa an taɓa yin sa. Wani bincike da ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan bebaye na ƙasar sun salwanta gaba ɗaya. Ɗaya daga cikinsu, London After Midnight na 1927, wanda kwafinsa na ƙarshe ya ƙone a gobarar wata ma'ajiya a shekarun 1960, an sake harhaɗa surarsa a 2002 ta hanyar jera hotunan tallarsa bisa tsarin rubutaccen labarin. Idan ƙasa mai arzikin ma'ajiyoyi ta yi irin wannan asara, to ƙasar da finafinanta na farko ba su da yawa ta fi buƙatar riƙe kowace takarda.

5.0 Ƙasar Kabi da Fim Ɗin Kanta

Bayan Shaihu Umar, Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Kanta of Kebbi a ƙarshen shekarun 1970 da hannun gwamnatin Jihar Sakkwato ta wancan lokaci. Wannan fim ba daga ƙagaggen labari aka ɗauko shi ba, daga tarihi ne: tarihin Muhammadu Kanta wanda ya ɓalle daga Askiya Muhammadu na Songhai a farkon ƙarni na 16, ya kafa daular Kabi, ya gina Surame. Labarinsa ya zo a Tarikh al-Sudan da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yana kuma nan a bakin Kabawa cikin kirari da waƙa da labaran kaka da kakanni. Don haka shi ma juyi ne, daga rubutaccen tarihi da adabin baka zuwa fim.

Akwai wani al'amari na mulki da mai tattarawa ya kamata ya lura da shi. Lokacin da aka yi fim ɗin, Argungu da Augie da Birnin Kabi duk suna cikin Jihar Sakkwato. Sai ranar 27 ga Agustan 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Ke nan takardun hukuma da suka shafi aikin, kamar wasiƙu da katunan gayyata da hotunan ma'aikatar watsa labarai, a Sakkwato ya kamata a fara neman su, musamman a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu. Abin da ke hannun jama'a kuwa, wato hotunan tunawa da labaran waɗanda suka ga ana aikin ko suka kalli fim ɗin, a ƙasar Kabi za a neme shi. Rarraba jihohi ya raba takarda da mutanen da take magana a kansu, aikin mai tattarawa ne ya sake haɗa su.

Ƙasar Kabi tana da wurin da ya dace da wannan ajiya. Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu gini ne na 1831 wanda ya kasance fadar sarakuna har zuwa 1942, aka kuma buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1958. Ga kuma bikin kamun kifi na Argungu wanda ya samo asali a sigarsa ta yanzu daga 1934, hukumar UNESCO kuma ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Wannan biki shi ma yana fitar da fastoci da ƙasidu da katunan gayyata duk lokacin da aka yi shi, kuma matsalar adana su ɗaya ce da ta kayan fim. Sashe ɗaya zai iya ɗaukar duka biyun.

6.0 Hanyoyin Tattarawa

Tattarawa takan fara ne daga cibiyoyi. Ma'ajiyar finafinai da sauti ta ƙasa tana Jos ƙarƙashin Hukumar Finafinai ta Nijeriya wadda aka kafa a 1979. Kayan FESTAC an danƙa su ga cibiyar CBAAC da ke Legas, wadda aka kafa musamman domin riƙe su. Tsofaffin jaridu da takardun gwamnatin Jihar Arewa ana duba su a Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello. Aikin farko a nan shi ne bin jaridun 1976 da 1977 shafi bayan shafi, a fitar da kowace talla da kowane sharhi a yi musu jadawali.

Mataki na biyu shi ne gidajen jama'a: iyalan 'yan wasa da ma'aikatan fim, da tsofaffin ma'aikatan majigi da direbobinsu, da masu gidajen silima da masu sayar da tikiti, da tsofaffin masu ɗaukar hoto na gari waɗanda sukan ajiye bakin fim na hotunansu shekara da shekaru, da maɗaba'u. A nan ladabi ya fi kuɗi aiki. A masarauta irin ta Argungu, shiga ta hannun fada da hakimai ita ke buɗe ƙofa, kuma magidanci ya fi sakin jiki idan ya san ba raba shi da kayansa za a yi ba. Hoton mahaifi da ya rasu ba haja ba ce a wurin iyalinsa. Hanya mafi dacewa ita ce a ari abu a ɗauki kwafinsa a mayar, ko a ɗauka a gaban mai shi, a bar masa zaɓin bayar da asalin kyauta ko ajiya, tare da rubutacciyar yarjejeniya da Hausa wadda ta fayyace wanda ya mallaka da abin da aka yarda a yi da kwafin.

Duk abin da aka karɓa sai a rubuta masa bayani nan take: mene ne shi, na wane fim ne, girmansa, irin takardarsa, harshensa, wanda ya buga, wanda ya bayar, inda ya same shi, da halin da yake ciki. Hoton da ba a san waɗanda ke cikinsa ba ya rasa yawancin amfaninsa, kuma mai bayarwa ne kaɗai zai iya faɗa. Don haka ake haɗa karɓar kaya da hira a naɗe. A wannan hira ne kuma ake kamo tallar baka: kalmomin da sanƙira ya yi amfani da su, da wurin da aka kafa allo, da waɗanda aka bari su je kallo da waɗanda aka hana, da abin da aka riƙa faɗa a gari washegari. A rubuta hirar da karin harshen mai magana, kada a daidaita ta, domin Kabanci da Sakkwatancin da ke cikinta su ma abin nazari ne.

Akwai dalilin gaggawa ta fuskar kasuwa. Tsofaffin fastocin fim sun zama haja mai tsada a duniya. A 2005 an sayar da fastar fim ɗin Metropolis na Jamus a kan dala 690,000. Fastocin da masu zane na Gana suka yi da hannu a kan buhunan fulawa a shekarun 1980 da 1990 da yawansu sun koma hannun masu tara kayan fasaha a Turai da Amurka. Abin da cibiyoyin gida suka yi sakaci da shi, wata rana sai ɗalibin gida ya nemi biza kafin ya gan shi.

7.0 Adanawa a Yanayin Kwarin Rima

Takardar talla ba don ta daɗe aka yi ta ba. Yawanci mai araha ce, an yi ta da itacen da ba a tace sosai ba, tana ɗauke da sinadarin asid wanda ke cin ta daga ciki har ta yi ja ta riƙa karyewa. Zafi yana hanzarta wannan. Ƙa'idar da masu adana takardu ke bi ita ce duk ƙarin zafi na kimanin digiri 10 yakan ninka saurin lalacewa aƙalla sau biyu. Abin da ake so shi ne ɗaki mai sanyin digiri 18 zuwa 22 a ma'aunin Salshiyos, da danshin iska tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin 100. A Argungu da Augie kuwa zafin bazara yakan haura digiri 40, hunturu ya busar da takarda ya cika ta da ƙura, damina kuma ta kawo danshin da ke haifar da funfuna, wadda kan tsiro idan danshi ya wuce kashi 65. Wannan kai da komo tsakanin bushewa da jiƙa shi ne ke sa takarda ta kumbura ta motse har ta tsage, hoto kuma ya nannaɗe.

Na'urar sanyaya ɗaki da ke aiki awa uku ta mutu awa goma ta fi rashinta illa, domin sauyi take ƙarawa. Inda wuta ba ta da tabbas, ya fi kyau a zaɓi ɗaki na tsakiyar gini mai kaurin bango, marar tagar da rana ke shiga, sannan a sa kaya cikin faifan takarda marar asid, a sa wannan cikin kwali, a sa kwalin cikin kabad na ƙarfe. Kowane rufi yana rage saurin isar sauyin yanayi ga takardar. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa: malaman da suka riƙe rubuce-rubucen ajami da na Larabci ɗaruruwan shekaru sun yi haka ne da tadarishi da gafaka da adaka.

Fasta a shimfiɗe ake ajiye ta, ba a ninke ba, domin daga kan ninki take fara yagewa. Idan ta fi girman durowa sai a naɗe ta a jikin bututu mai faɗi. A cire ƙusoshin maƙala takarda da fil, saboda tsatsarsu na huda takarda. Kada a liƙe yaga da salatif ko gam, domin mansu yana ratsa takarda ya bar tabon da ba ya fita. Babban kuskuren da ya yaɗu a yau shi ne kai tsohuwar takarda shago a gasa mata leda da nufin kare ta. Wannan yana kulle asid a ciki, zafin injin yana cutar da tawada, kuma ba a iya warware shi. Idan za a rubuta lamba, da fensir mai taushi za a rubuta a baya. Hotuna masu launi na shekarun 1970 suna koɗewa ko a cikin duhu, haske kuma yana ƙara musu sauri, don haka kwafi ake kafewa a bangon baje koli, asali ya zauna a kwali.

Gara da kyankyaso da ɓera su ne abokan gaba na kullum. Maganinsu shi ne tsabta, da ɗaga kabad daga ƙasa, da janye shi daga jikin bango, da dubawa a kai a kai, musamman a farkon damina. Fesa maganin ƙwari a kan takarda kai tsaye yana ɓata ta.

Sai ambaliya, wadda mazauna bakin gulbin Rima suka sani sarai. Ta 2010 da ta 2020 sun yi ɓarna mai yawa a garuruwan fadama na Jihar Kebbi. A ranar 1 ga Satumban 2009 ruwa ya mamaye ma'ajiyar finafinan Afirka da ke Wagadugu a Burkina Faso ya lalata kaya masu yawa. Darasin shi ne kada a ajiye kayan tarihi a ɗakin da ke kwari, kuma a tanadi tsarin kwashe su tun kafin ruwa ya zo. Idan takarda ta jiƙe, a shimfiɗa ta a inuwa inda iska ke ratsawa cikin kwana biyu, kafin funfuna ta kama. Rana tana ƙara mata lahani.

Ɗaukar kwafi a kwamfuta kariya ce ta biyu. Ana ɗaukar fasta da takardu da ƙarfin ɗigo 300 zuwa 400 a kowane inci, ƙananan hotuna kuma 600 ko fiye, gaba da baya, a ajiye babban kwafi a tsarin da ba ya matse hoto, a fitar da ƙarami domin intanet. A yi kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani gari dabam, misali ɗaya a Argungu, ɗaya a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi, ɗaya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kwafin kwamfuta bai maye gurbin asali ba, domin na'ura takan mutu tsarinta kuma yakan tsufa, sannan nauyin takarda da irin bugunta da rubutun da ke bayanta hujjoji ne da asali kaɗai ke riƙe da su.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa dawowar fim ɗin Shaihu Umar ta buɗe ƙofar wani aiki da ke jiran masu nazarin Hausa, wato tattara takardu da hotuna da muryoyin da suka raka shi da takwarorinsa zuwa ga jama'a. An ga cewa waɗannan kaya suna tabbatar da tarihi, suna bayyana yadda aka fassara littafi ga masu kallo, suna kuma adana harshen zamaninsu. An ga kuma cewa a ƙasar Hausa tallar baka tana da nauyi daidai da ta takarda, ita ce kuma ta fi kusa da ɓacewa.

Yawancin abin da ake buƙata bai fi ƙarfin sashen Hausa na jami'a ba. Ana iya ba ɗaliban digiri na farko da na biyu aikin bin jaridun shekara guda, ko hira da tsofaffin ma'aikatan majigi na ƙaramar hukuma guda kamar Augie, a tara sakamakon a kundi ɗaya mai tsari ɗaya. Ana iya ƙulla zumunci da ma'ajiyar Jos domin horar da ma'aikata, a kuma riƙi ranar 27 ga Oktoba, wadda UNESCO ta keɓe domin kayan tarihi na sauti da hoto, a matsayin ranar da jama'a za su kawo abin da ke adakokinsu a ɗauki kwafi. Haka nan ya kamata masu shirya finafinan yau su riƙa miƙa kwafin kowace fasta ga ɗakin karatu, har da waɗanda ake yaɗawa a Facebook da WhatsApp kaɗai, domin su ma ba su da tabbacin wanzuwa. Faya-fayen Shaihu Umar sun yi shekara 40 a gwangwani kafin a waiwaye su. Takarda da tsofaffin da suka ga zamanin ba za su yi irin wannan jira ba.